Taken Zailani a Motar Kamfen

Zailani ya je Damari duba yayarsa Hajaratu ne ranar da ya ji kiɗansa yana fitowa daga motar kamfen.

Shi mutumin Mairuwa ne, amma a Ƙanƙara yake neman abinci, a sutudiyon Malam Gide. Aikinsa piyano. Mawaƙi zai zo da baitoci a baki, ya rera, Zailani ya ɗora masa kiɗa, ya sa ganga, ya sa kalangu, waƙa ta fita da sunan mawaƙin. Wannan bai taɓa damunsa ba. Abu ɗaya yake kira nasa a duniya: taken shirin manoma da wani gidan talabijin na Katsina ya daɗe yana buɗe shirinsa da shi. Karin kuwa daga sarewar Audi ya ɗauko shi, mijin Hajaratu kuma uban 'yarta Fatsuma, wanda 'yan bindiga suka harbe a gonarsa bara waccan yana tsakiyar huɗa.

Suna zaune a tsakar gida, tana ɓarar gyaɗa, sai motar ta tsaya a bakin layi. Karin Audi ne, ba a canza ko gaɓa ɗaya ba, sai dai an ɗora masa murya. Wai lafiya ta dawo, wai kowa ya koma gona, Alhaji Maharazu ɗan takara ya share wa talaka hawaye.

Hajaratu ta ajiye tiren gyaɗar.

"Zailani, wanga ba busar baban Fatsuma ba ce?"

"Ita ce, Yaya. Amma wallahi ban san..."

"Gonarshi na nan ta zama daji, ba mai iya zuwa. Shi ne ka ba su busarshi su ce mana lahiya ta dawo?"

Ya rantse, ya sake rantsewa. Ba ta ƙaryata shi ba, ba ta kuma dube shi ba. Ta kwashe tirenta ta shige ɗaki.

Ko abincin da ta dafa masa bai ci ba. Ya hau mota, tun daga Damari har Ƙanƙara kansa na tafasa. Ya tarar da Gide a gaban kwamfuta yana shan fura.

"Wa ya ba su takena?"

"Zauna mana, ka sha ruwa."

"Malam Gide, wa ya ba su?"

Gide ya goge baki. Ya ce yaran Alhajin ne suka zo a gaggauce, suna son kiɗan da manoma suka riga suka sani, shi kuma ya duba ya ga wannan ya dace. Ya ce a nan aka yi kiɗan, da wutarsa, da na'urarsa, don haka bai ga abin tayar da jijiyar wuya ba.

"Da wutarka? Wutarka ce ta zamna da Audi a bakin rafi tana saurare? Ka san mutumin nan, ka ci tuwon gidanshi! Ka je ta'aziyyarshi!"

"To ai ga shi yanzu duk jiha na jin shi. Ba ɗaukaka ba ce?"

Zailani ya dubi kwamfutar, zuciyarsa ta ce ya ɗaga ta ya maka da ƙasa. Amma ayyukan mawaƙa da yawa na ciki, mutanen da ba su yi masa komai ba. Sai ya fizge wayoyin piyanonsa, ya naɗe, ya saɓa shi a kafaɗa.

"Kana da aikin biki ran Asabar," in ji Gide.

"Ka kira wutarka ta kaɗa maka."

Washegari Hajiya Mansura, mai shirya shirin manoman, ta kira shi. Ta ce dole su sauke taken, don masu kallo sun fara bugo waya suna tambaya ko shirin ya shiga jam'iyya. Ta ba shi haƙuri, ta ce in zai iya, ya yi musu sabo.

Wannan ya fi komai ƙona masa rai. An ɗauki abinsa ba a tambaye shi ba, kuma shi aka raba da shi, ɓarayin na can suna zagaya kasuwanni da lasifika.

Ya koma Mairuwa, ya jona piyanon da batirin mota a zauren mahaifinsa. Duk karin da ya taɓa mai daɗi, sai ya ji ana iya ɗora masa kirarin wani. Ya watsar. A ƙarshe ya cire sarewa gaba ɗaya. Ya bar ganga mai nauyi, da wani sauti kamar sarar fartanya a busasshiyar ƙasa, sai kuma wurin da komai ke tsayawa cak kafin ya ci gaba.

Da Hajiya Mansura ta saurara, ta kira shi a waya.

"Malam Zailani, wannan ai ya yi zafi. Shirin noma ne fa."

"Hajiya, haka noman yake a wajenmu yanzu. In ba ku so, ku nemi wani. In kuna so, a rubuta sunana, kuma ba mai taɓa shi sai da izinina."

Ta ce za ta yi magana da na sama. Bayan mako biyu aka buɗe shirin da shi, an rage gangar kaɗan, sunansa ya wuce a ƙasan allo da sauri har mahaifinsa bai kai ga karantawa ba.

Gide ya aiko mutane har Mairuwa a ba shi baki ya dawo. Zailani ya karɓe su da mutunci, ya raka su bakin titi, ya ce su gaida Gide. Yanzu Funtuwa yake zuwa yana yi wa mawaƙa kiɗa, kuma duk aikin da ya gama a ranar yake kwashe kayansa, ba ya barin komai a na'urar kowa.