Takarda Mai Jan Hatimi

Sawun dorina biyar ne a hannun Basiratu, kuma Malam Kailu, wanda ake kira Mushe irin na Faransanci, ya san alƙalaminsa ne ya jawo mata su.

Shekara ashirin da biyu yana aikin sirbeyan, mai kula da ladabin ɗalibai, a wata kwaleji a Filinge. Bai taɓa aika wa iyaye takarda ba sai ta kira: ɗanka ya yi faɗa, 'yarka ta haura katanga. Bana aka hana duka. Aka kira taron malamai da iyaye, har da masu tuyar ƙosai a bakin ƙofa, aka ce kowa ya riƙa yabon halin kirki duk inda ya gan shi. Iyaye tara suka zo. Kailu, da ya gaji da karya sanda a jikin 'ya'yan mutane, ya ɗauki maganar da gaske. Ya rubuta takardun yabo goma sha biyu da Faransanci mai kyau, ya buga musu jan hatimin makaranta, wanda yake bugawa a takardar kira.

Ta Basiratu ta fi tsawo, don ita ke share aji ba tare da an sa ta ba. Kwana uku ke nan ba ta zo ba, ga jarrabawar fita saura wata biyu.

Ya tarar da mahaifinta, Idi, a ƙofar gida yana ɗaure buhu a amalanke, dattawa uku na zaune a tabarma. Yarinyar na tsaye a bakin zaure da ƙullin kayanta.

"Ina za a kai ta, Malam Idi?"

"Bankuku, wurin gwaggonta. Ta gama lakwal, ba sauran boko."

"Don me?"

"Kai ka rubuto, Mushe, kuma kai ne mai tambaya?" Ya zaro takardar daga aljihu. "Ga jan tambarinku. Irinta aka kawo ma Mansur ɗan maƙwabta, mako bai cika ba kuka kore shi."

"Ba ta karanta maka ba?"

"Ta karanta. Wai kun ce ta yi kirki! Yaushe gwamnati ta fara ɓata tawada don kirki? Na ƙara mata biyu don ƙarya."

Kailu ya karɓi takardar, ya fassara ta layi layi. Dattawa suka juyo suna kallon Idi. Idi ya kama hannun rigarsa, ya ja shi bayan amalanke.

"Mushe, gaban mutanen ga na buge ta. Gaban uwatta. In ba ta yi komi ba, ni mi na zama?"

"Uban yarinyar kirki."

"Mahaukacin da ya bugi ɗiyatai don an yabe ta. Har in mutu da shi za a kira ni. A'a. Ta tahi Bankuku, magana ta mutu."

Kailu, wanda iyaye ke durƙusa wa a ofis, ya durƙusa a cikin yashi kusa da ƙafar jaki.

"Don Allah, don Annabi. Wata biyu kawai. Ba ni da kamarta a makarantar nan."

Idi ya saki igiyar da ke hannunsa.

"To samo mata laihi," ya ce a hankali. "Ko ɗan ƙarami. In zama na hore ta, kun yahe, ta koma."

Kailu ya dubi Basiratu. Tun farkon shekara bai ji muryarta sau biyar ba. Ya miƙe, ya ɗora takardar a kan buhu, ya rubuta kalma ɗaya a bayanta, sannan ya ɗaga murya don 'yan tabarma su ji.

"Akwai abin da ban karanta ba. Surutu take a aji. Amma mun yafe."

"Ai to!" in ji wani dattijo. "Ɗiyan yanzu baki gare su."

"Kin ji ko?" Idi ya ce. "Maida kayanki ɗaka."

Ran Litinin ta dawo, ta zauna a bencinta na gaba. Tsintsiya na jingine a kusurwa, ba ta ko dube ta ba. Kailu ya bi azuzuwa yana kiran suna. A cikin sha biyun da ya yaba, huɗu har yanzu ba su zo ba. Ya taɓa aljihu ya ji alƙalaminsa na nan, ya fita neman gidajensu.