Ragar Gefen Tafki

Sunana Orvin Haugland. Shekarata saba'in da huɗu. Ina da shanun madara talatin da tarakta ɗaya a arewacin Minnesota. Na bar makaranta ina ɗan sha uku, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba.

Jikata Marit ce mai tsaron ragar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta 'yan matan kwalejin garinmu, ita ce kuma kyaftin. Shekararta ta ƙarshe ke nan. Asabar ta biyu a watan Nuwamba suke da wasan ƙarshe na gasar yankinmu. In sun ci, su wuce gasar ƙasa, inda kwalejin ba ta taɓa leƙawa ba. In an cinye su, Marit ta rataye safar hannu, don bayan kwaleji babu ƙungiyar da ke jiran irinta.

Ranar Juma'a dusar ƙanƙara ta sauka tun asuba har ta kai ƙwauri. Mai kula da filin yana kwance a asibiti, an yi masa aiki a baya. Sai kocinsu, Renata Vogel, ta kira ni, tunda ni nake share harabar coci da ta gidan tsofaffi.

"Mista Haugland, gobe da safe za ka zo," in ji ta. "Mai kula da filin ya ce kar a taɓa yau. Ya ce a bar dusar ta kwana a kan ciyawa, ita ce bargonta."

"Da safe ina tatsa."

"To, bayan tatsa. Wasan sai ƙarfe ɗaya."

"Yarinya, tun ba a haife ki ba nake ture dusa. Wadda ta kwana tauri take yi. Tana sabuwa ake kwashe ta."

"Don Allah dai, ka bari sai gobe."

Na ajiye waya.

A gona haka ake yi. Dusa ta sauka, ka kwashe ta a ranar, in ba haka ba shanu su tattake ta, ta zama ƙanƙara, saniya ta zame ta karye. Ubana haka ya yi, ni ma haka. Bai zo mini a rai ba cewa babu saniyar da za ta taka filin ƙwallo.

Da la'asar na tuƙa tarakta zuwa kwaleji. Filin yana tsakanin tafki da ginin makaranta. Na fara daga gefen tafki, na sauke garma har ƙasa, na kankare sai da ciyawa ta fito kore shar. Na kai rabi, tiyon mai ya fashe. Kafin in ɗaure shi lokacin tatsa ya yi. Na koma gida. A daren sama ta washe, iska ta taso daga kan ruwa.

Da safe na dawo na kwashe ragowar, gefen makaranta. Ƙasar da ta kwana a rufe tana da laushi, dunduniya tana nutsewa. Na taka zuwa gefen tafki. Iska ta barbaɗa masa 'yar dusa, a ido lafiya lau. Na buga dunduniya gaban raga. Ƙasar ta daskare, siminti ke nan. Na ji bugun har haƙorana.

Koci Vogel ta iso da gorar kofi a hammata. Ta kalli filin, ta kalle ni.

"Na ji an ce jiya ka fara."

"Na fara."

"Ba matsala dai?"

"Ƙalau yake."

Alƙalin wasa ya zo, ya tattaka tsakiyar fili, ya ce a shafa jan fenti a layuka, a kawo ƙwallo ruwan lemo. Bai je bakin tafki ba, iskar can tana yanka kunne. Ban kira shi ba.

'Yan matanmu sun yi ɗumin jiki a gefen makaranta, kusa da ɗakin canza kaya. Saura kaɗan a fara, Marit ta rugo wurina bakin shinge, numfashinta yana hayaƙi.

"Tsoho, wannan hular fa? Kamar kaza ta yi ƙwai a ciki."

"Ke kin ga kanki? Buhun dankali da safar hannu."

Ta yi dariya ta daki kafaɗata. "Kaka, da gaske. In an jefa kwabon zaɓen raga ya faɗo mini, wace raga zan ajiye wa kaina a zagaye na biyu? Lokacin ne za su matsa mana. Wanne gefe ya fi kyau?"

Koci tana tsaye taku uku daga mu, tana ji.

"Gefen tafki," na ce. "Tas yake."

"Shi ke nan. Ka ci wani abu kuwa? Mama ta ce kofi kawai ka sha."

"Je ki yi aikinki."

Kwabo ya faɗo mata.

Mutum kamar ɗari huɗu ne a kan benci, kowa da bargo, wasu da ƙararrawar shanu. Ni a tsaye na kalla. Zagayen farko Marit tana gefen makaranta. Duk ƙwallon da aka doko mata daga nesa, da ta dira sai ta mutu a laka, ta fito ta ɗauke kamar tana tsintar ƙwai. Sau biyu ta yi tsalle ta ture masu zafi. A can gefen tafki kuwa 'yan gabanmu suna ta zamewa. Wata doguwa mai lamba tara ta samu raga a buɗe, ƙafarta ta tafi, ta zube a kan ƙugu. Mutane suka yi ta tsaki, suna cewa takalminta ne.

Aka tafi hutu babu ci. Na ga lamba tara tana yi wa koci magana tana nuna bakin tafki. Koci ba ta waiwayo ta inda nake ba. Ba abin da za a iya canzawa a lokacin.

Zagaye na biyu Marit ta tsaya a kan simintina. Ta faɗi a kai sau huɗu, ta tashi sau huɗu. Gwiwar hannunta ta fashe, jini ya fito ta cikin riga. Ta riƙe su minti talatin da takwas.

Saura minti bakwai, wata 'yar bayan abokan karawarmu ta ɗirka ƙwallo daga tsakiyar fili. Ba dabara a ciki, kawar da ita kawai ta yi. Marit ta fito ta tare ta, yadda take yi shekara huɗu, yadda ta yi duk zagayen farko. Ƙwallon ta dira gabanta, ta tashi kamar an harba ta, ta wuce saman kanta. Marit ta juya, ƙafa ta zame. Tana kwance tana kallo ƙwallon ta gangara cikin raga a hankali.

Wani a bayana ya ce, "Kai! Wannan ko jikana na firamare ya kama ta."

Ɗaya da nema aka tashi.

Na jira ta a cikin a-kori-kurata, inji a kunne. Kusan awa guda kafin ta fito. Ta shiga ta zauna, gashinta a jiƙe, ta sa hannuwa tsakanin cinyoyi. Ba ta kuka. Ta riga ta gama a ciki.

"Na yi gaggawar fitowa," ta ce. "Da na tsaya a layi. Wata uku 'yan matan nan suna gudu, ni na zubar musu. Ban iya kallon idon kowa ba, Kaka."

Zan iya yin shiru. Koci ba mai yawan magana ba ce. Da na yi shiru, Marit za ta ɗauki abin nan a wuyanta har ta tsufa.

"Ba ke ba ce," na ce. "An ce in bar dusar ta kwana. Na ƙi. Na kankare gefen tafki jiya, sanyi ya shiga ƙasar."

Ta girgiza kai. "Haba, ai ba ka sani ba."

"Na sani da safe. Na buga ƙafa na ji."

Ta juyo ta dube ni sosai.

"Kafin in tambaye ka?"

"Kafin."

"Kuma ka ce mini tas yake."

"Na ce."

"Me ya sa?"

"Matar nan, kocinku, tana tsaye."

Dusa ta sake farawa, ƙanana. Sai ta buɗe ƙofa, ta ɗauki jakarta.

"Ka gaya wa Mama a makaranta zan kwana."

Ba ta buga ƙofar ba, a hankali ta rufe. Na bi ta da ido har ta shige ginin, tana ɗan ɗingishi.

Washegari na je na sami koci a ofis, na faɗa mata gaban 'yan wasa uku. Ta ce ta gode da na zo. Ba wanda ya ba ni kujera.

Marit ta zo gida Kirsimeti. Ta gaishe ni, ta zuba mini kofi, ta ba ni sabuwar safa a cikin takarda. Duk abin da na ce, ta ce to. A watan Afrilu motarta ta fara wani ƙara a ƙafar gaba, uwarta ce ta gaya mini. Na fito da jak na ɗaga mota da akwatin sifana na jera a rumfa, na jira Asabar biyu. Ashe ta kai wa makanike a gari.