Kalangun Cikin Kwamfuta

Ranar da Djamila ta haihu, wayar gidan Malam Salissou ba ta huta ba. Djamila matar babban ɗansa Ma'aruf ce, kuma wannan ne jika na fari. Mama Jimmai, matar Malam Salissou, na ta amsa barka daga Damagaram, daga Yamai, har daga New York. Rachida, autar gidan, ita ce ta lura Babansu ya yi shiru a wajen cin abinci.

Malam Salissou mahauci ne ɗan mahauta. A Damagaram kowa ya san gidan kakansa Garzali. A nan Greensboro ta Amurka kuwa, yana yankan nama ne a wani shagon halal da ke kusa da titin Wendover, da farar riga da hular leda a kansa.

"Baba, lafiya?" in ji Rachida.

"Lafiya lau," ya ce. Ya ɗan juya cokalinsa a cikin shinkafa. "Tunani kawai. A gidanmu ba a taɓa yin suna ba sai mai kalangu ya tsaya a ƙofa ya kaɗa taken gida. Ni an kaɗa mini. An kaɗa wa Ma'aruf. Ke ma an kaɗa miki, kina ta tsala kuka. Wannan yaron ne na fari da zai shigo mana a shiru."

Daga nan ya ci gaba da cin abincinsa, kamar bai ce komai ba.

Rachida tana ƙarama aka kawo ta Amurka, ba ta tuna da wani mai kalangu. Amma ta san take wasu 'yan kalmomi ne na yabo da ganga ke faɗa da bakinta, kowane gidan mahauta da nasa. Ta kuma san kiɗa, irin nata. A ɗakinta akwai tsohuwar kwamfuta da ɗan ƙaramin kibod na kiɗa, inda take haɗa sautuka idan ta dawo daga makaranta. Baba bai taɓa hana ta ba, bai kuma taɓa yabawa ba. "Ƙwaram-ƙwaram ɗin Rachida," haka yake kiran abin.

Ta daɗe tana ganin wani kwali a shagon kayan kiɗa, cike da faya-fayan kwamfuta. An bi ƙasashe an ɗauko muryar kayan kiɗansu, bugu ɗaya-ɗaya, an adana, yadda mutum zai iya kaɗa su da kibod a ɗakinsa. A bayan kwalin akwai hoton wata ganga mai siririn ƙugu da igiyoyi, da hannun mai kaɗa ta. Washegari da ta tashi daga aikinta na shagon takalma, ta biya ta sayo shi.

Shigar da shi cikin kwamfutar ne ya so ya gagare ta. Da ta sa faifai na farko, kwamfutar ta ce babu wuri. Rachida ta zauna tana kallon waƙoƙin da ta haɗa tun tana sakandare. Ta kwashe su a kan faya-fayan da ba a rubuta komai ba, ta goge su daga ciki. Sannan ta shiga sa faifai, ta jira, ta cire, ta sa na gaba, wani koren layi na rarrafe a kan allon kamar ba zai kai ba. Da aka gama kuma, sai abin ya ce ba zai buɗe ba sai an tura wata lamba ta intanet. Intanet ɗin gidan kuwa da layin waya yake aiki. Duk lokacin da ta kusa gamawa, sai Mama ta ɗaga waya a falo, komai ya yanke.

"Mama, please. Ki ɗan ajiye wayar."

"In hana mutane yi mini barka saboda akwatinki?"

Sai da Mama ta tafi kai wa mai jego kunu sannan lambar ta wuce.

Rachida ta bi jerin sunayen. Ga sarewar China, ga gangunan Indiya, ga wasu abubuwa da ba ta taɓa jin labarinsu ba. Can ƙasa ta sami kalangu. Ta danna maɓalli ɗaya, sai sifika ta ce ɗam. Murya mai tsabta, har da ɗan karkarwar fata a ƙarshenta. Ta yi ta dannawa tana murmushi ita kaɗai.

Da Baba ya dawo da la'asar, ta tare shi tun bai cire takalmi ba.

"Baba, yaya taken gidanmu yake cewa?"

Ya dube ta kamar ta ce ya yi rawa a titi. "Mutum ba ya faɗin takensa da bakinsa, Rachida. Sai dai a faɗa masa. Wannan aikin makaɗa ne."

"To zo ka ji wani abu."

Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, bai shiga ba. Ta kaɗa masa. Ya saurara da kyau, kansa a karkace.

"Kalangu ne," ya ce. "Fatarsa ma mai kyau ce. Amma ba ya magana."

Ya wuce yin alwala. Rachida ta zauna hannunta a kan kibod, kunya ta rufe ta. Ta goge waƙoƙinta a kan abin da ba ya magana.

Da hantsin washegari Mama ta shigo da kwandon wanki, ta tarar da ita tana ta dannawa.

"Tun jiya kike ƙwanƙwasa ƙofa, har yanzu ba a buɗe miki ba?"

"Baba ya ce ba ya magana. I don't get it. Ai kalangun gaske ne suka ɗauka."

Mama ta ajiye kwandon. "Kawo hannunki." Ta kama damtsen Rachida ta sa a hammatarta, ta matse, ta saki, ta sake matsewa. "Haka Chaïbou mai kalangu yake yi. Sanda tana bugu, amma hammata ce ke magana. In ya matse igiyoyin, murya ta hau. In ya saki, ta sauka. Ke kuwa sanda kawai gare ki."

Rachida ta dubi kibod ɗinta. A gefen hagu akwai wata 'yar taya da ba ta cika taɓawa ba. Ta danna maɓalli, ta tura tayar sama da babban yatsa. Muryar gangar ta lanƙwasa ta hau. Ta saki, ta gangaro.

"Wala, shi ke nan," in ji Mama, ta zauna a bakin gado. "Ashe sun sa masa hammata."

"Mama, kin san kalmomin?"

Mama ta leƙa ƙofa, ko da yake ta san maigidan yana wajen aiki. Ta rage murya. "Na Garzali, yanka ka raba, baƙo ya ci, na gida ya ci. Tun ina amarya yake tashe ni daga barci duk ranar kasuwa."

Rachida ta gwada, hannun dama na bugu, na hagu na kan taya. Mama ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wannan kalangun naki a Amurka ya girma. Inda za ki hau, sai ki sauka. Matsa, ba ni tayar."

Haka aikin ya rabu. Rachida na bugu, Mama na matsewa. Yatsan Mama mai lalle ya saba da tayar da sauri, har tana ɗaga kafaɗar hagu ba ta sani ba, kamar da gaske ganga ce a hammatarta. Suna yi, suna ɗauka, suna saurare, Mama ta ce a'a, su goge su sake. Wankin ya bushe a cikin kwando. Can wani lokaci, da kwamfutar ta maimaita abin da suka ɗauka, Mama ba ta ce a'a ba. Ta sa gefen gyalenta ta share ido. Rachida ma ta ji shi, ba sai an fassara mata ba. Gangar tana cewa baƙo ya ci, na gida ya ci.

"Mama, in ya ji haushi fa? A gaban mutane? In ya ce mun mai da abin gidansu wasa?"

"Wannan kam ban sani ba," in ji Mama. "Na daɗe tare da shi, amma ban taɓa ganin an kaɗa masa daga cikin akwati ba."

Ranar suna aka taru a gidan da Ma'aruf ke haya a gabashin gari. Aka yi addu'a, aka raɗa wa yaro Garzali. An yanko ragon a wata gona da ke bayan gari, aka kawo shi cikin manyan kuloli. Malam Salissou ya kafa tebur a bayan gida, ya naɗe hannun riga, yana saran nama, maza sun kewaye shi suna hira.

Rachida ta ɗauko rediyon Ma'aruf mai cin faifai, ta sa faifan kiɗan da suka ɗauka ita da Mama. Ta tuna Baba ya ce a ƙofa mai kalangu ke tsayawa, don haka ta ajiye shi a bakin ƙofar baya. Da farko ta kuskure maɓallin. Ta sake dannawa.

Kalangu ya yi magana.

Hirar ta tsaya. Wuƙar Malam Salissou ta tsaya a sama. Bai juyo ba. Rachida na kallon bayansa, tana jin kamar ta cire wayar wutar ta gudu. Taken ya ƙare, ya sake dawowa. Sai ta ga kafaɗunsa sun miƙe. A hankali ya ɗaga wuƙar sama da kansa, ya girgiza ta, yadda mai take ke amsawa idan an kira gidansu.

Alhaji Husaini, wani Bakano mai tuƙin tasi, abokin tsokanar Baba, ya shiga waige-waige.

"Salissou, ina ka ɓoye mai kalangu? Ya aka yi ya samu biza?"

Mutane suka yi dariya. Baba bai yi ba. Ya ajiye wuƙar, ya goge hannu, ya tako har bakin ƙofa. Ya dubi rediyon, ya dubi 'yarsa.

"Wa ya kaɗa?"

"Ni na buga," in ji Rachida, muryarta can ƙasa. "Mama ce ta matse."

Mama na tsaye a bayanta cikin kicin, ta mai da hankali kan tukunya kamar ba da ita ake ba.

"Gangar fa? Ta wa ce?"

"Ban sani ba, Baba. Wani mutum ne suka ɗauka yana bugawa. Babu sunansa a kwalin, hannunsa kawai aka nuna."

Ya gyaɗa kai. Ya koma wajen tebur, ya jawo ƙirjin ragon gabansa.

"A gidanmu ƙirji na makaɗi ne," ya gaya wa Alhaji Husaini. "Ba a kaɗa mana a tafi haka."

Ya raba shi uku, sara mai tsabta. Ya sa kashi ɗaya a faranti ya miƙa wa Rachida da hannu biyu, yadda ake miƙa wa baƙo. Na biyu ya ce ta kai wa uwarta. Na ukun ya naɗe a leda, ya ba Alhaji Husaini.

"In ka bi ta tashar bas, ka ba wa duk wanda ka ga yana bukata. Rabon mai gangar ne. Allah ya kai masa ladan duk inda yake."

"Amin," in ji mutane.

Rachida ta tsaya da faranti a hannu, naman na da nauyi fiye da yadda ta zata. Ta so ta ce na gode, ga Baba, ga Mama, ga mutumin da hannunsa kawai ta sani. Amma Baba ya riga ya ɗauki wuƙarsa.

"Rachida," ya ce, bai ɗago ba. "Yaron yana barci ɗazu. Ki kai akwatin kusa da ɗakinsu, ki sake kunnawa ya ji."