Kujera ta Huɗu

Wasan na kwamfuta ne, na yaƙin sarakunan dā. Kowa yana da ƙasarsa a kan taswira, ya gina ganuwa, ya tara dawakai da hatsi, ya ƙulla amana da maƙwabci ko ya warware ta. Kamfanin da ya yi shi ya daɗe da rufewa. Lokacin da ake yayinsa sun fi mutum ɗari biyu a ƙungiyar. Yanzu saura huɗu, kuma babbar taswira ba ta buɗewa sai da mutum huɗu. Kowa yakan tsara rundunarsa sau ɗaya a mako ya tura, ranar Asabar na'ura ta haɗa, ta nuna wa kowa abin da ya same shi.

Akwai Janar, tsohon malamin tarihi, shi ne shugaba, shi ya rubuta dokokin ƙungiya. Akwai Nas, wadda take tura nata daga ɗakin hutun asibiti. Akwai Direba. Sai Injiniya mai shagon gyaran kwamfuta, wanda wasan yake zaune cikin wata tsohuwar na'ura a ƙarƙashin teburinsa.

Wata Talata Direba ya shigo shagon, ya tsaya tsakanin matattun kwamfutocin da aka jera a ƙasa, ya ce shi dai ya gaji. An ba shi babbar mota, tafiya ɗaya kwana goma, in ya dawo barci kawai yake so. Ya rubuta kalmar sirrinsa a bayan wani kwali, ya ce a yi yadda aka ga dama da ƙasarsa. Injiniya ya tambaye shi ko ya gaya wa Janar.

"Kai ka gaya masa," in ji Direba. "Ni ba zan iya kallon fuskar tsohon nan ba."

Injiniya bai gaya masa ba. Ya san in kujera ta huɗu ta zama babu kowa, taswira ta rufe ke nan, kuma ya san Janar ba shi da wani abin da yake jira a mako in ba Asabar ba. Ya kuma san doka ta uku: mutum ɗaya, suna ɗaya, wanda ya riƙe biyu an kore shi. Ya auna abin kwana uku, ranar Juma'a ya shiga da sunan Direba ya tura.

Ya kafa wa kansa sharuɗɗa don kada abin ya zama cuta. Ƙasar Direba ranar Laraba, tasa ranar Juma'a, kowace a kwamfuta dabam. In yana kujerar Direba, ba zai yi amfani da abin da ya sani na tasa ƙasar ba. Ya gano wannan da wuya. Mutum ba ya manta inda ya ɓoye dawakansa don kawai ya canja kujera. Sai ya riƙa tura 'yan leƙen asirin Direba su yi ta yawo suna neman rundunar da ya san dutsen da take baya.

Matarsa ce kaɗai ta sani. Da ta kawo masa abincin rana ta same shi a kwamfuta ta biyu, sai ta tambaya yau wa za ta zuba wa, mijinta ko baƙon. Ya ce ba abin dariya ba ne. Ta ce ai ba ta ce abin dariya ba ne, tana so ne ta san ko za ta ƙara cokali.

Abin da bai lissafa ba shi ne halin Direba. Shekara tara suna wasa, Direba bai taɓa kai amana ƙarshen yaƙi ba. Zai rantse maka, ya aiko da kyautar hatsi, mako na gaba ka tarar da shi cikin garinka. Janar yana jin daɗin wannan fiye da komai, yakan kira shi ɓarawon kan iyaka, ya yi ta tsara masa tarko. Shi kuwa Injiniya ko a wasa bai iya saɓa alkawari ba, balle da fuskar wani. Mako tara ƙasar Direba tana zaune lafiya da ta Janar.

Nas ce ta fara magana a zauren hirar wasan, ta tambaya ko Direba tuba ya yi. Bayan kwana biyu saƙo ya shigo akwatin Direba, wanda ba a rubuta don idon Injiniya ba. Janar ya ce: "Ɗana, mako uku ke nan na bar maka ƙofar gabas da mutum hamsin kacal, ba ka shigo ba. Na kira wayarka ba a ɗauka. In ciwo ne ko damuwar gida, ka faɗa mini. Zan sa a kawo ni wurinka ranar Lahadi."

Maganin yana gaban Injiniya. Ya kwashe dawakan Direba dubu huɗu ya jera su a ƙofar gabas. Dannawa ɗaya ta rage: ranar Asabar garin Janar zai ƙone, tsohon zai yi dariya, hankalinsa ya kwanta, wasa ya ci gaba. Kowa zai ji daɗi, ba wanda zai rasa komai. Ya daɗe yana neman wanda za a cuta bai samu ba. Abin da ya samu kawai shi ne, zuwa yanzu shiru ya yi, wannan kuwa amsar ƙarya ce zai ba mutumin da ya tambayi lafiyar wani.

Ya rufe shago da rana tsaka, ya tafi gidan Janar.

Ya same shi a ɗakinsa, fanka tana juyawa a hankali, taswirar wasan da aka buga a takardu shida tana manne a bango, an soke ta da allurai masu launi. Injiniya ya gaishe shi, ya zauna a bakin kujera, ya faɗi komai a jere kamar mai bayanin abin da ya lalace a na'ura.

Janar ya cire tabarau. Ya fara tambaya ko Direba lafiyarsa ƙalau. Da aka ce ƙalau, ya gyaɗa kai.

"Ka karanta saƙona?"

"Na karanta, Baba."

"Ka amsa?"

"A'a."

"Yaƙin bakin kogi da Direba ya ci Nas, kai ne?"

"Ni ne."

"Na yi mamaki dama. Wancan ɗan banzan bai taɓa tuna cewa sojoji suna cin abinci ba." Ya ɗan yi murmushi, ya ɗauke shi. "Ka san doka ta uku."

Injiniya ya ce ya sani. Ya ce amma an rubuta ta ne lokacin da suke ɗari biyu, don hana mai son ya ci yaƙi da zamba, shi kuwa bai ci ribar komai ba, asara ma ya yi. Ya ce in aka kore shi saura mutum biyu, babbar taswira ta tafi har abada. Wanda ya rubuta doka ai yana iya gyara ta.

Janar ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce duk gaskiya ne. Sannan ya ce shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya kori ɗan ƙanwarsa a kan wannan dokar, yaron ya yi rantsuwa cewa don ya cike gurbin abokinsa ya yi, uwarsa ta shekara ba ta gaishe shi ba.

"In na gyara ta yau saboda kai nake so, me zan ce na yi masa?"



Idon Janar ba ya ganin ƙananan haruffa sosai, don haka ya turo wa Injiniya kwamfutar, ya ce ya rubuta wa Nas. Injiniya ya rubuta korar kansa da hannunsa, tsohon yana faɗa yana bugawa, har ya gyara masa kwanan watan da ya kuskure. Nas ta amsa kafin ya tashi. Ta ce ta ji, amma ba su kyauta mata ba, saura mako ɗaya ta karya ganuwar Injiniya.

A bakin ƙofa Janar ya tambaye shi ko zai kashe na'urar. Akwai ƙaramar taswira, tsibiri ɗaya, ta mutum biyu, wadda a da sabbin shiga kawai suke koyo a kanta. Injiniya ya ce doka ba ta hana korarre riƙe na'ura ba. Janar ya yi tunani, ya ce ba ta hana ba.

Ranar Asabar ya buɗe shago, ya share, ya durƙusa ya duba na'urar ƙarƙashin tebur. Saƙo biyu sun shigo kan ƙaramar taswira, na Janar da na Nas. Ya haɗa su ya tura musu sakamakon. Yana da ikon buɗe taswirar ya ga wanda ya ci, amma ba ya cikin ƙungiya, sai ya ja wata kwamfuta da aka kawo jiya ya fara kwance ta.