Makarar Baba Lado

Ana can cikin gida ana yi wa Baba Lado wanka, Abdulnasir kuwa yana tsaye a bakin zaure, idanunsa jajur, domin bai runtsa ba tun da aka buga masa ƙofa da labarin rasuwar. Tambaya guda ce take cin ransa: anya ba shi ya jawo ba?

Shekara uku ke nan da ya dawo Kazaure daga jami'a, inda ya karanci yadda jikin ɗan Adam yake aiki, ya tarar hawan jini ya zaunar da maƙwabcin nasu a kan tabarma, ko masallaci sai da sanda. Ya durƙusa ya yi masa bayani a tsanake: jijiyoyin jini suna yin tauri idan shekaru suka ja, zuciya ta riƙa shan wahalar tura jini, amma tafiya da sauri, irin wadda take ɗaga numfashi, tana sassauta su.

"Kamar tiyo ne, Baba. Idan aka yar da shi a rana..."

"Kai, ɗan boko!" Baba Lado ya katse shi yana dariya. "Shekara arba'in ina gyaran famfo a garin nan, ni za ka koya wa tiyo? Ka ce kawai na bushe."

Da izinin likita suka fara, daga ƙofar gida zuwa bakin titi. Kafin damina ta zagayo, sai sun kai bakin dam suke juyowa, kuma sun zama su bakwai, har da Malam Ɗayyabu tela da Baba Julius kafinta, wanda yakan jira a gindin darbejiya su idar da sallar asuba. Jiya ma sun je. A hawan tudun da ke hanyar dawowa Abdulnasir ya ce, "Baba, a ɗan ƙara sauri." Ya ƙara. Bayan isha'i ya cika.

Ashiru, babban ɗan mamacin, ya iso daga Kano da sassafe, ya samo akori-kura saboda maƙabarta da nisa. A cikin masu jira wani ɗan uwa ya ce, ba tare da ya rage murya ba, "Tsoho ɗan saba'in da shida, a riƙa kora shi kullum kamar soja?" Abdulnasir ya sunkuyar da kai. A ransa ya gama yankewa: daga yau an daina tafiyar.

Aka sallaci gawa a ƙofar gida. Za a ɗora makara a mota ke nan, Malam Ɗayyabu ya dafa ta.

"Ashiru, sallami direban nan."

"Baba, da nisa fa, ga rana ta ɗaga."

"Nisa? Ko rabin dam bai kai ba. Ubanka ya ja mana kunne, ya ce da ƙafa ya saba fita daga gidan nan, kada wanda ya loda shi kamar buhun gyaɗa."

A al'ada matasa ne suke ɗaukar makara, dattawa su biyo baya a hankali, wasu ma a kan babur. Ranar nan aka juya. Tsofaffi huɗu suka sa kafaɗa, suka naɗe hannun riga, suka miƙi hanya da irin takunsu na kowace safiya. Kafin a wuce masallacin unguwa, samari sun fara sassarfa. Wani ya cim ma Malam Ɗayyabu yana haki.

"Baba, kawo in karɓe ka."

"Karɓi numfashinka tukuna."

Baba Julius yana biye da jarkar ruwan kwaɓa ƙasa a kafaɗa. "Ku ɗaga ƙafa!" in ji shi. "Kun san Lado ba ya son nawa." Masu hawaye ma sai da suka murmusa, suka bi da istigfari. Sai da aka hango katangar maƙabarta sannan tsofaffin suka bar matasa su ma su sami ladan ɗauka.

Da aka dawo, Inna Habiba, matar marigayin, ta aika a kira Abdulnasir. Ya tsuguna a bakin labule.

"Nasiru, an ce mini tun safe kake raɓe-raɓe kamar wanda ya yi sata."

"Inna, ni na ce ya ƙara sauri jiya."

"Ai ya gaya mini. Ya ce a baya ya baro ka." Ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka. "Ya ci tuwon dawa malmala biyu, ya yi mini tsiya wai miya ba gishiri, ya kishingiɗa yana jin rediyo. Shi ke nan. Mutumin da nake ɗagawa zaune, bara shi ya nome gonarsa da hannunsa. Kwana ne ya ƙare, ɗan nan, ba kai ka rubuta ba. Shekara ukun da Allah ya ƙara mana, a tsaye ya ci su."

Ya daɗe a tsugune. Babu littafin da zai iya tabbatar masa cewa tudun nan ba shi da hannu, kuma ya san haka. Amma ya ga tsofaffi huɗu sun kai abokinsu makwanci ba tare da sun tsaya hutu ba.

Washegarin sadakar uku, da aka sallame asuba, ya fito ya tarar da su biyar a gindin darbejiya. Duk suka zuba masa ido. Ya sunkuya ya ɗaure igiyar takalminsa.

"Yau za mu fara a hankali," in ji shi.

Suna wucewa ta jikin katangar gidan Baba Lado suka ji ƙarar silifas daga ciki, taf, taf, taf, tana zagaya tsakar gida. Inna Habiba ce; mai takaba ba ta fita. Malam Ɗayyabu ya kasa kunne, sannan ya daidaita takunsa da nata.