Bulo Huɗu a Ƙarƙashin Motar Malam

Hannun Malam na dama shi ne gonarmu, shi ne kantinmu. Malam mijina ne. Inuwa mai ɗinki ake ce masa a Ƙofar Kibo, don ya fi shekara talatin a zaure yana yi wa manyan riguna aikin hannu. Keken zamani ya kwashe kasuwar, abokan sana'arsa wasu sun koma acaɓa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Shi kaɗai ya rage a lungunmu, sai 'yan tsirarun dattawa da har yanzu suke nemo shi. Ba mu da fansho, ba mu da ɗa namiji. Yatsun nan biyar su ke ciyar da mu, shi ya sa ko wuƙar yanka albasa na gani a hannunsa sai na karɓe.

Sai ga wannan shegiyar mota, gadon ƙanensa. Marigayin ya yi ta lafta mata buhunan masara har bayanta ya zauna daɓas, in za ta hau kwalbatin bakin lungu sai ka ji tana goge ƙasa. Aka ce sifirin ɗin baya ne suka mutu. Malam ya je ya sayo na kwance guda biyu, ya ce da kansa zai sa.

To, mijin 'yarmu Sadiya, wato Suhaib, bakanike ne, da garejinsa a Tudun Wada. Na ce, "Malam, ka kai masa mana."

Ya dube ni kamar na zage shi. "In kai wa surukina mota? Ya ƙi karɓar ladan aikinsa, gari ya ɗauka na ba da 'ya ne don a riƙa yi mini gyara? Noti biyu ne fa, Jamilatu."

Na ce a raina, girman kai rawanin tsiya. A fili kuwa cewa na yi, "Allah ya ba da sa'a."

Ranar Asabar da hantsi ya fara. An kwana ana ruwa, ƙasa ta jiƙa sharaf, ga shi ƙofar gidanmu gangare ce zuwa kwata, kuma nan ne kaɗai mota ke iya tsayawa a lungun. Maƙwabcinmu Ɗanjuma ya zo taya shi. Mutumin da ko keke bai taɓa mallaka ba, amma in ana zancen jirgin sama ma sai ya gyara wa matuƙi zance! Shi ya kawo shawarar bulo. Suka ɗaga motar da jak, suka cire tayoyin baya, suka jera bulon siminti biyu-biyu a kowane gefe, irin mai ramin nan, suka sauke motar a kai. Sannan suka zare jak ɗin, don guda ɗaya ne kuma ana bukatarsa a ƙarƙashin ƙarfen da ya haɗa tayoyin. Ina leƙen su ta tsagar ƙyauren zaure.

Ana cikin haka Suhaib ya biyo a babur, ya tsaya gaisuwa. Ya cire takalmi, ya durƙusa can nesa kamar yadda ya saba. Wallahi na ga lokacin da idonsa ya sauka kan bulon nan, na ga fuskarsa ta sauya.

"Sannu da aiki, Baba."

Malam ya kau da kai, ya ce, "Yauwa. Ya mutanen gidan?"

"Lafiya lau. Baba, ko dai in ɗan kama muku?"

"A'a, je ka abinka. Mun kusa gamawa."

Suhaib ya buɗe baki, ya dubi dattawa shida da ke zaune a dakali suna kallo, ya mai da bakinsa ya rufe. Ya ce, "To, Allah ya taimaka." Ya hau babur ya fizge shi a guje. Yaro mai kunya, kowa yabonsa yake yi. Ni ma a lokacin yabonsa na yi, Allah ya gafarta mini.

Ko minti biyar ba a yi ba wayata ta yi ƙara. Sadiya ce, don ni ma Suhaib ba ya iya yi mini doguwar magana. Ta ce, "Inna, ya ce don girman Allah ki hana Baba sa hannu a ƙarƙashin motar nan. Ya ce bulo ba ya gargaɗi, fashewa yake yi lokaci ɗaya. Ya ce ga ƙasa a jiƙe, ga gangare, kuma ba su tokare tayoyin gaba da dutse ba. Ya tafi gareji ɗauko ƙarafan da ake ɗora mota a kai da katakon shimfiɗa musu. Ya ce ko tayoyin da suka cire ne a tura ƙarƙashi kafin ya iso. Inna, ya ce mutum zai iya mutuwa!"

Na ji kowace kalma, ba abin da ya shige mini duhu. Na yafa mayafi na nufi zaure da sauri, na kama ƙyaure zan buɗe, sai na tsaya. Maza shida a dakali, har da na'ibin limamin unguwa. Shekara ashirin da tara ina gidan nan ba wanda ya taɓa jin muryata a waje. Yau in fito in ce wa mijina bai iya ba, kuma in ce surukinsa ne ya faɗa? Sai na tafa hannu sau biyu, yadda nake yi in abinci ya sauka.

Malam ya shigo yana goge baƙin mai a tsumma, ransa a ɓace. "Lafiya?"

Kun san me na ce? Cewa na yi, "Malam, wai da an ɗan jira Suhaib, zai kawo wani ƙarfe."

Wani ƙarfe! Yarinya ta ce mini mutum zai iya mutuwa, ni kuma na tace maganar, na sa mata zuma, na miƙa masa wani ƙarfe.

Ya ɗaure fuska. "Shi ya aiko ki?"

"A'a, ni dai na ga kamar…"

"Ki koma ciki. Ɗaya ya fita, saura ɗaya."

Na koma ciki. Wannan ita ce gaskiya, na koma na zauna gaban murhu ina iza wuta. Ina jin Ɗanjuma yana cewa, "Danna da ƙarfi, Malam, ya kusa!" Ina jin ƙarfe yana ƙara. Sai na ji tas, kamar an fasa tulu, sannan wani nauyi ya daki ƙasa har na ji a ƙafafuna. Malam bai yi ihu ba. Salati kawai na ji, da wata murya da ban san yana da ita ba.

A ranar kam na fita, ba mayafi ba takalmi, kowa ya ga kaina, kuma sama ba ta faɗo ba. Bulon gefen kwata ya zama gari. Motar ta kwanta a kan hannunsa na dama, tsakanin jikinta da mazaunin sifirin. Dattawan nan da matasan da suka rugo suka haɗu suka cicciɓa ta, aka jawo shi. Muna naɗe hannun da zanena sai ga Suhaib ya shigo lungu, ƙarafa huɗu ɗaure a bayan babur. Ya tsaya, ya duba, ya zauna a cikin taɓo ya ɗora hannu a ka yana kuka.

A asibiti suka cire yatsu uku: babba, manuni da na tsakiya. Likita ya ce mu gode wa Allah da abin bai kai ga wuyan hannu ba. Mun gode. Wata riga da Malam ya yi wata biyar yana aiki a kanta, mai ita ya aiko aka karɓa, aka kai wa masu keke suka ƙarasa. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma duk wanda ya faɗa sai in ji kamar in watsa masa ruwan zafi, don ni na san abin da aka gaya mini da abin da na faɗa.

Wata biyu abin yana cina. Malam ya daina zama a zaure, ya koma ɗaki, yana koyon cin tuwo da cokali. Ran nan bayan la'asar ina wanke masa ciwon, na kasa daurewa. Na gaya masa duk abin da Sadiya ta ce, kalma da kalma, da yadda na rage shi saboda mutanen dakali.

Can ya ce, "Kin yi daidai. Da kin fito kin yi mini tsawa a gaban mutane, wallahi da a ranar zan sake ki."

Na ce, "Da ka sake ni ɗin, Malam. Ko ba komai da hannunka za ka rubuta takardar."

Ya dubi abin da ke cikin tafina, ya juya fuska bango. Na ci gaba da naɗe masa bandeji.