Malamin Zakiyya

Sun kusa shiga Bagwai ke nan Malam Ikrima ya ce a tsaya. Mai babur ya gangara gefen titi. Muntaka, wanda ke riƙe da shi ta baya, ya sauko da shi a hankali ya jingina shi da gindin darbejiya. Jikin malamin zafi rau, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Malam Ikrima shi ke koyar da lissafi a firamaren ƙauyen. Muntaka kuwa tumatir yake nomawa a bakin ruwan Watari, bai taɓa zama a aji ba. Bara ne malamin ya yi sallama da shi a ƙofar gida, ya ce Zakiyya, 'yar Muntaka, ba kamar sauran yara take ba. Kafin a gama rubuta tambaya a allo ta ba da amsa, sai zaman ya ishe ta, ta koma tsokanar na kusa da ita, kullum tana shan bulala. Malamin ne ya hana a dake ta. Shi ya roƙi hedimasta aka bar ta tana shiga cikin 'yan aji shida lokacin lissafi, alhali tana aji uku. Da la'asar kuma ta tsallaka gidansa ya ƙara mata karatu, har ranar da ciwon ƙoda ya kwantar da shi.

Da numfashin malamin ya daidaita a gindin darbejiyar, bai yi zancen jikinsa ba.

"Muntaka, akwai jarrabawar da ake yi wa yara irinta. Kada ka yarda a ce ta yi ƙanƙanta. Ka je da kanka."

"Malam, kai za ka kai ta, in Allah ya so."

Girgiza kai kawai ya yi, ya miƙo hannu a tashe shi.

An karɓe shi a asibiti, amma kafin la'asar ya cika. Aka dawo da shi gida, aka yi masa sutura kafin magariba. Zakiyya ba ta yi kuka a gaban mutane ba, abinci dai ta ƙi ci.

Bayan sadakar uku Muntaka ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi makarantar. Hedimasta ya karɓe shi da mutunci, ya yi wa mamacin addu'a, sannan ya faɗa masa gaskiya: malaman da suka rage ba su kai yawan azuzuwan ba, babu mai lissafi, kuma bai san ranar da za a turo wani ba. Maganar jarrabawa sai ta kai aji shida. Abin da zai iya yanzu, don kada ta koma surutu, shi ne ta riƙa taimaka wa 'yan aji ɗaya.

"To ita fa, Malam, wa zai koya mata?"

Hedimasta sai juya alli yake yi a hannu.

A gida matarsa Aina'u ta tambaye shi a wane gari ake jarrabawar, ko wa za su nema. Sai a lokacin ya gane ko sunan jarrabawar bai sani ba, kuma wanda ya sani yana maƙabarta.

Ranar Litinin da hantsi ya biyo ta bayan makarantar da fartanya a kafaɗa, ya leƙa ta tagar 'yan aji ɗaya. Yara cike da aji, zaune a ƙasa. Zakiyya na tsaye a kan benci don hannunta ya kai allo, gefen hijabinta duk farin alli, tana nuna musu ɗaya, biyu, uku, suna amsawa da ƙarfi. Ya daɗe a tsaye a wurin, ba ta ko waigo ba.